Abokaina sun ce mu je hawan dutsen K2, a gida kuma ban faɗa wa kowa ba

Assalamu alaikum Yaya. Ni injiniya ne ina aiki a Doha, shekarata 34, matata da ɗanmu suna Kano wajen Hajiyata, matar tawa tana da ciki haihuwa sai watan Yuli in sha Allah. Bara na hau Kilimanjaro har ƙoli ban sha wata wahala ba, tun daga nan hawan dutse ya shiga raina. Yanzu abokan aikina biyu, ɗaya ɗan Pakistan ɗaya Bature, sun yi rajista da wani kamfani za su hau K2, dutsen da ke arewacin Pakistan, daga Yuni zuwa farkon Agusta, sun ce saura gurbi ɗaya. Kamfanin ya ce ba matsala tunda akwai Sherpa, wato ƙwararrun jagororin hawa 'yan Nepal, da oksijin kuma igiya a kafe take har sama. Kullum ina jim wajen motsa jiki, ina gudun kilomita 10 ba na haki. Kuɗin da na tara bai kai ba sai na sayar da filina. Ina tunanin in ce wa gida kwas aka tura ni na wata biyu, don Hajiya tana da hawan jini. Burina in zama Bahaushe na farko da ya taka saman dutsen nan. Nan da sati biyu za a rufe biyan kuɗin farko. Me kake gani?

Wa alaikumussalam ƙanina. Sau uku na karanta saƙonka kafin na fara rubutu, kuma bari in ba ka amsar tun daga sama don kar ka yi ta nemanta a ƙasa: kar ka biya kuɗin nan, kar ka sayar da filin nan, kuma maganar kwas ɗin nan ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Ban ce ka bar hawan dutse ba fa. Ni ma na tsaya a Uhuru, ƙolin Kilimanjaro, da asuba na ga rana tana fitowa ta ƙarƙashin ƙafata, gajimare shimfiɗe kamar auduga, na san abin da ya kama ka, wanda bai je ba ba zai gane ba, zai ce kawai neman suna ne ko kuɗi sun yi maka yawa. Na gane ka sarai. Shi ya sa ma zan yi maka magana ba ɓoye-ɓoye.

Kilimanjaro mita 5,895 ne, kuma ka san da ƙafa ka hau shi, sanda a hannu, 'yan dako sun riga ka gaba sun kafa tanti sun dafa shayi, babu inda ka rataya a igiya, babu inda in santsi ya ɗauke ka shi ke nan an gama. K2 mita 8,611 ne. Sansanin gindinsa kawai, inda za ka yi makonni kana kwana kana tashi, yana wajen mita 5,000, wato kusan inda ka je ka ɗauki hoto ka juyo da sauri nan ne ɗakin kwananka. Kafin ma ka isa can sai ka bar Skardu a mota zuwa Askole, daga nan kusan sati guda kana taka ƙanƙarar Baltoro. Sai a fara hawan. Hanyar da mafi yawan mutane ke bi, ta Abruzzi, daga farkonta a tsaye take, duwatsu na gangarowa daga sama in rana ta ɗan narkar da ƙanƙara ko wani na gabanka ya taka ba daidai ba. Tsakanin sansani na ɗaya da na biyu akwai wata tsaga a jikin dutse da sai ka cusa jiki ka hau ta miƙe da kaya a bayanka, sama da ita akwai wani baƙin dutse mai santsi da ake yini ana fama da shi, duk wannan da takalmi mai haƙoran ƙarfe a ƙafarka wanda daga saƙonka na fahimci ko sau ɗaya ba ka taɓa ɗaura shi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne ƙanina.

Sai wurin da ya fi cin mutane, wajen mita 8,200, suna ce masa Botulnek wato wuyan kwalba. Wani siririn kwari ne a tsaye, a samansa ga wani katafaren bangon ƙanƙara ya leƙo kamar bene mai hawa da yawa, kuma dole ta ƙarƙashinsa za ka bi, ka hau sannan ka ratsa ta gefe, awanni kana wajen, babu wanda ya san lokacin da wani ɓangare zai ɓalle. Kamfanin ya ce maka igiya a kafe take ko? To ranar 1 ga Agusta 2008 ma a kafe take. Mutane suna sama ƙanƙarar ta ɓallo ta tsinke igiyoyin ta tafi da su, waɗanda suka kai ƙoli suka juyo cikin duhu suka tarar babu abin kamawa. Mutum 11 suka mutu a kwana biyun nan, 'yan Koriya uku, 'yan Nepal biyu, 'yan dakon Pakistan biyu, da Turawa huɗu. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda da gatarin ƙanƙara da ƙwarewar hannunsu suka sauko ba igiya. Tambayar da nake so ka yi wa kanka tsakaninka da Allah ita ce, in igiyar ta tafi, ko Sherpan naka ya ji ciwo, ko na'urar oksijin ta daskare, za ka iya sauko da kanka? In amsar a'a ce to ranka ka ɗauka ka damƙa a hannun wata igiya da wani mutum da ba ka taɓa gani ba. A 1986 mutum 13 dutsen nan ya ci a kaka ɗaya, kuma da yawansu gwanaye ne da duniya ta san su.

Ka tambayi abokin naka ɗan Pakistan waye Muhammad Ali Sadpara, za ka ga fuskarsa ta canza. Mutumin nan a gindin duwatsun aka haife shi, da dako ya fara, yana cikin waɗanda suka fara hawa dutsen Nanga Parbat a tsakiyar hunturu a 2016. A watan Fabrairun 2021 ya ɓace a K2 shi da abokan tafiyarsa biyu, ɗansa Sajid yana tare da su ya juyo saboda na'urar oksijin ɗinsa ta samu matsala, sai a watan Yuli aka ga gawarwakinsu, kuma a can saman ɗan ya rufe mahaifinsa da dusar ƙanƙara. E na sani wancan hawan hunturu ne, naku na bazara ne ya fi sauƙi, kuma gaskiya ne a 'yan shekarun nan mutane da yawa suna kaiwa ƙoli, a Yulin 2022 sama da mutum ɗari suka hau a rana ɗaya. Amma ka duba ma'anar hakan, layi ne ake yi a ƙarƙashin bangon ƙanƙarar nan, kowa na jiran na gabansa ya matsa, oksijin na ƙarewa, yatsu na daskarewa, kuma wanda bai iya ba shi ne yake tsayar da layin.

A nan ne abin ya fi damuna wallahi, don in mutum ya je bai ƙware ba ba shi kaɗai yake biya ba. A ƙarshen Yulin 2023 wani ɗan dako mai suna Muhammad Hassan, matashi ɗan shekara 27 mai 'ya'ya uku, ya faɗi a daidai wajen ratsawar nan, ba shi da kayan sanyi irin na masu kuɗin da yake yi wa aiki, wasu sun tsaya sun yi ƙoƙari a kansa amma a wurin ya cika, kuma duniya ta ga bidiyon mutane suna tsallake shi suna wucewa ƙoli. Mutanen da za su ɗauki tantinka da kwalaben oksijin ɗinka irinsa ne, talakawa masu neman abin da za su kai gida, Musulmi 'yan uwanka da yawansu. In ka gaza a mita 8,000 wani uban yara ne zai tsaya ya ja ka, ya cire oksijin ɗinsa ya ba ka, watakila kai ka sauko shi bai sauko ba. Kana iya ɗaukar wannan?

Maganar jim da gudun kilomita 10, madalla, ka ci gaba, amma sama ba ta san wannan ba. Daga mita 8,000 abin da kake samu a kowane numfashi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da kake shaƙa a Doha, jiki ba ya sabawa da wurin, ci yake yi wa kansa, shi ya sa suke kiransa yankin mutuwa, oksijin na kwalba yana ragewa ne kawai. Ruwa yana iya taruwa a huhu mutum ya fara tari yana fitar da kumfa mai jini-jini, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura ya fara tangaɗi kamar ya sha wani abu yana surutai, kuma mugun abin shi ne wanda ya kamu shi ne na ƙarshen ganewa, zai rantse maka lafiyarsa ƙalau. Na gani da idona a dutsen Kenya, wanda bai ma kai Kilimanjaro ba, wani matashi a ayarinmu wanda ya fi kowa ƙarfi, kullum shi ne a gaba yana yi mana dariyar jinkiri, cikin dare ya kasa ɗaura igiyar takalminsa yana kiran sunan wani da ba ya wajen, a daren aka sauko da shi. Maganin abin nan na gaskiya saukowa ne, sauran ƙwayoyi da allurai lokaci kawai suke saya maka. A Kilimanjaro saukowa awanni ne a kan hanya mai kyau. A kafaɗar K2 in guguwa ta rufe, kwanaki za ka yi a tanti ba sama ba ƙasa, kuma kar ka sa rai da helikwafta, a can jiragen soja ne ke ɗauko mutane, sai an ajiye kuɗi tun kafin a tafi, sai yanayi ya yi kyau, kuma ba sa kaiwa sansanonin sama. Inshorar tafiya da ka saba saya ma ba ta ɗaukar irin wannan.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman wanda Baturen abokinka ba zai tuna ya faɗa maka ba, kuma ba ka ambata ba a saƙonka. Meye sakamakon gwajin sikilarka? A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, a ƙasa lafiyarsa ƙalau yana ƙwallo yana komai, amma in iska ta yi ƙaranci ga ƙishirwa ga sanyi ga wahala, jinin na iya lanƙwashewa ya toshe hanyar saifa, ciwon ciki ta hagu mai tsanani ya turnuƙe mutum. Wai ka hau Kilimanjaro lafiya bai wanke ka ba, kwana nawa ka yi a sama? In ka yi gwajin kafin aure ka nemo takardar, in ba ka tabbata ba ka sake, ka kai wa likitan da ya san harkar hawan dutse, ya duba zuciyarka da hawan jininka ma tunda akwai shi a gida.

Shi kuma kamfanin nan, ni abin da ya faɗa maka shi ne babban dalilin da zai sa ka guje shi. Kamfanin kirki in ka ce K2, kafin ya tambayi kuɗinka sai ya tambayi tarihinka, wane dutse mai mita 6,000 ka hau, wane mai 7,000, ka taɓa hawa mai 8,000 ko ɗaya, wa ya jagorance ka a kira shi a ji. Wanda ya ji Kilimanjaro kaɗai ya ce ba matsala, gurbi yake son cikewa. Kuma wannan saura gurbi ɗaya, saura sati biyu, ai ka san salon, haka dillalin fili yake yi in yana so ka biya kafin ka je ka ga wurin. Su abokan naka me suka hau a baya? In sun ƙware to ba ajinku ɗaya ba, kuma ranar ƙoli kowa ta kansa yake yi ko da yana ƙaunarka. In kuma irinka ne to ka tura musu wannan amsar su ma.

Yanzu maganar gida, wadda ita ce ta hana ni barci jiya. Ka lissafa kuwa? A ƙarshen Yuli ake samun 'yan kwanakin da iska ke lafawa a yi ƙoli, a watan da matarka za ta haihu kenan. Tana naƙuda tana cewa a kira shi, ana ce mata yana kwas waya ba ta shiga. Ka ce kana tausayin hawan jinin Hajiya, to ka zauna ka hango ranar da wani baƙo zai kira wayar gidanku da Turanci, a rasa mai fassarawa, a nemo yaron maƙwabta ya zo ya ce wai ɗanku ya faɗi a wani dutse a Pakistan, ita kuma ta ce a'a ba nawa ba ne nawa yana kwas. Wane hawan jini ne ya kai wannan? Kai ma zuciyarka ta san tafiyar ba ta yi ba, da ta yi da ba ka nemi ƙaryar da za ka rufe ta ba. Wani sahabi ya zo neman izinin fita jihadi Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, aka ce ya koma ya yi jihadinsa a kansu. Jihadi fa kenan, balle hawan dutse.

Na san abin da za ka ce, in ajali ya yi ko a kan gado sai a tafi. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma wanda ya koya mana ƙaddara shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ayar nan ta Baƙara ta 195 ka san ta, kar ku jefa kanku ga halaka. Sannan ka sani wanda ya mutu a can sama yawanci a can ake barinsa, don sauko da gawa sai an saka ran mutane da yawa a haɗari. Cheruiyot Kirui ɗan Kenya, ma'aikacin banki ne kuma ya daɗe yana hawa, ya mutu kusa da ƙolin Everest a Mayun 2024, a can iyalansa suka haƙura suka bar shi. Babu wanka babu likkafani babu kabarin da ɗanka zai je ya yi maka addu'a. In kuma ɓacewa mutum ya yi ba wanda ya ga gawarsa, ka tambayi malamai hukuncin matar wanda ya ɓace a mazhabarmu ta Malikiyya, ana maganar jiran shekara huɗu kafin ta fara takaba, ga gado a rataye, filin da za su dogara da shi kuma ka riga ka sayar.

Batun zama Bahaushe na farko, ban raina shi ba, ni ma zan so in ga ranar, zan fi kowa murna. Amma wannan burin shi ne yake kashe mutane a sama, don wanda ya sayar da fili ya yi wa gida ƙarya ya ɗora wa kansa sunan kabila guda, in Sherpa ya ce masa lokaci ya ƙure mu juya saura mita 200, ba zai juya ba. Ka duba Saray Khumalo ta Afirka ta Kudu, baƙar fatar Afirka mace ta farko da ta hau Everest. Ita ma da Kilimanjaro ta fara a 2012, ta je Everest a 2014 ta dawo, 2015 girgizar ƙasa ta dawo da ita, 2017 ta kusa ƙoli ta juyo, sai a karo na huɗu a Mayun 2019 ta taka saman. Da ba ta iya juyowa ba da ba mu san sunanta ba yau. Everest kenan, wanda duk da ya fi tsawo masu hawa sun yarda K2 ya fi shi wuya nesa ba kusa ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Bana ka ɗauki hutun nan na wata biyu ka tafi Kano, ka kai ta asibiti da kanka, ka yi wa jaririn huɗuba, ka yanka ragon suna. Kuɗin da ka tara ba tare da fili ba sun isa ka fara koyo na gaskiya, daga Doha jirgi ɗaya ne zuwa Kathmandu ta ƙasar Nepal, ka yi kwas na gaske a kan ƙanƙara, yadda ake tafiya da takalmin ƙarfe, yadda ake tsayar da kai da gatari in an zame, yadda ake saukowa a igiya da safar hannu mai kauri cikin duhu har hannunka ya haddace ba sai ka yi tunani ba. Ka hau Lobuche ko Island Peak masu mita dubu shida da 'yan kai. Ka koma dutsen Kenya ka hau ƙolinsa Batian, mita 5,199, wanda hawan dutse ne da hannu da igiya. Daga nan Aconcagua a Ajantina, 6,961, ka ga yadda jikinka yake yi kusa da dubu bakwai, sai Ama Dablam mai 6,812 wanda zai gwada ƙwarewarka sosai, sannan mai dubu takwas guda ɗaya irin Manaslu ko Cho Oyu. Su ma waɗannan suna kisa fa, kar ka ɗauka wasa ne, kowanne sai da shiri. Shekara biyar ko shida kenan, lokacin kana arba'in, kuma masu hawa da yawa a shekarun nan suke kan ganiyarsu. Wataƙila a hanya ka ga Ama Dablam ya ishe ka, wataƙila kuma ka ga har yanzu K2 na kiranka, a lokacin kai da kanka za ka san tambayoyin da za ka yi wa kamfani, kwalba nawa, Sherpa nawa ga mutum ɗaya, ƙarfe nawa ake juyowa ko an kai ko ba a kai ba, 'yan dako suna da inshora da kayan sanyi ko babu. In kuma idonka ne ke son ganin dutsen, baɗi ka bi masu tattaki zuwa Concordia har gindinsa, ka tsaya ka ɗaga kai ka kalle shi, ka ga allunan sunayen waɗanda suka mutu da aka manna a tarin duwatsun tunawa da ke kusa da sansanin, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Kuma duk wanda za ka hau a cikinsu, Hajiya ta sani, matarka ta sani, ka nuna musu hoto ka faɗa musu haɗarin da bakinka, ka rubuta wasiyya da bashin da ke kanka ka ajiye. In Hajiya ta ce a'a ka bi ta a hankali, ka fara da ƙananan ta ga kana dawowa, iyaye suna sakin jiki in sun ga yaro yana da hankali a abin da yake yi.

A sati biyun nan ka kira abokanka ka ce su ba wani gurbin, ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce iyalinka za ta haihu. Ka je gwajin jinin. Ka kira matarka ka ce mata kana nan tafe a Yuli. In sakamakon ya fito ka sake rubuto min mu ga da wane dutse za ka fara. Allah ya sauke ta lafiya, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ka gaishe min da su.